Santiyago Ramon Kahal, Likitan Da Ya Gano Yadda Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa Ke Haɗuwa

A cikin watan Disamba na shekarar 1906 manyan malamai suka taru a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin domin ba da kyautar Nobel ta fannin ilmin likita. A wannan shekara mutum biyu aka raba wa kyautar, watau Kamilo Golji na ƙasar Italiya da Santiyago Ramon Kahal na ƙasar Sifen, wanda mutanen ƙasarsu ke rubuta sunansa Cajal. An girmama su ne saboda binciken da suka yi kan ginin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da dabara guda kuma suka yi aikin, amma abin da kowannensu ya ce ya gani a madubin likita ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Ba su taɓa ganin juna ba sai a wurin wannan taro, kuma ba su rabu suna masu ra'ayi ɗaya ba. Sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin a sami na'urar da ta raba gardamar.

An haifi Kahal ran 1 ga watan Mayu na shekarar 1852 a wani ƙauye da ake kira Petilla, cikin duwatsun arewacin Sifen. Mahaifinsa, Justo Ramon, ɗan talakawa ne wanda ya fara da koyon wanzanci da ƙananan fiɗa a hannun wani mai sana'ar, sa'an nan ya taka da ƙafa har birnin Barsalona neman ilmi, ya yi ta fama har ya zama cikakken likita. Mutumin da ya sha irin wannan wuya ba ya wasa da karatun ɗansa, ya kuwa ƙudura cewa likita yaron zai zama ko yana so ko ba ya so. Shi kuwa yaron ba abin da ke ransa sai zane. Bangon gidajen mutane da gefen littattafan makaranta duk bai bar su ba. Ga shi da ƙiriniya da taurin kai, har ya zama shugaban yaran garin Ayerbe wajen faɗa da majajjawa da satar 'ya'yan itace. Yana ɗan shekara 11 ya fafe wani gungumen itace ya yi igwa da shi, ya ɗura albarushi, ya harbe ƙofar lambun maƙwabcinsu ta wargaje. Aka kulle shi a kurkukun garin 'yan kwanaki, mahaifinsa kuma ya goyi bayan hukuncin.

Makarantar 'yan coci da aka kai shi a garin Jaca ba ta gyara shi ba, duk da bulala da horon yunwa. Da uban ya gaji, sai ya ba da shi koyon aski wurin wani wanzami, daga baya kuma ya kai shi wurin wani baduku mai ɗinkin takalma, inda ya ƙware har maigidan ya so ya riƙe shi. Abin da ya daidaita uba da ɗa ya zo ne a shekarar 1868, lokacin da uban ya fara koya masa ƙirar jikin mutum da ƙasusuwan da suka tsinto daga wata tsohuwar maƙabarta. Yaron da ya kasa haddace darasi sai ga shi yana riƙe sunan kowane rami da kowane tudu da ke jikin ƙashi, muddin ya gani da idonsa ya kuma zana da hannunsa. Daga nan uban ya gane cewa zanen da yake ta yaƙi da shi yana da amfani. Kahal ya shiga makarantar likita ta birnin Saragosa, birnin da ya daɗe a hannun Musulmin Andalus har zuwa shekarar 1118, ya sauke karatu a shekarar 1873.

Daga gama makaranta aka ɗauke shi likitan soja. A shekarar 1874 aka tura shi tsibirin Kyuba, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Sifen, mutanensa kuma suna yaƙin neman 'yanci. Aka ajiye shi a wani ƙaramin asibiti cikin dajin fadama, inda cuta ta fi harsashi kashe sojoji. Ya yi ta rigima da waɗansu hafsoshi masu karkatar da abincin majiyyata zuwa tukunyarsu, har shi kansa zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kwantar da shi. A shekarar 1875 aka sallame shi ya koma gida a rame. Kafin ya karɓi wani ɓangare na albashin da yake bi bashi, sai da ya ba wani ma'aikaci toshiyar baki, kuma bai ɓoye wannan ba a littafin tarihin rayuwarsa. Da ɗan abin da ya tara a Kyuba ya sayi madubin likita na farko da ya mallaka, a shekarar 1877, bayan ya ga irinsa a Madrid wurin wani shehun malami sa'ad da ya je jarrabawar digirin dakta.

Shekarun da suka biyo baya na haƙuri ne. Ya yi fama da tarin fuka a shekarar 1878, ya warke. A shekarar 1879 ya auri Silveria Fañanás, wadda ta haifa masa 'ya'ya bakwai, ta kuma riƙe gida da ɗan ƙaramin albashi wanda rabonsa mai yawa ke tafiya wajen sayen sinadarai da mujallu. Sau biyu yana faɗuwa a gasar neman kujerar shehun malami, sai a shekarar 1883 ya ci ta Jami'ar Balansiya. Da annobar kwalara ta auka wa yankin a shekarar 1885, hukumar lardin Saragosa ta nemi ya bincika cutar, ta kuma saka masa da wani madubin likita ƙirar Jamus wanda ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

A wancan zamani masana sun riga sun yarda cewa jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da iyakarta. Ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta gagara. In aka yanka ta siriri aka rina aka duba, sai a ga zaruruwa sun cuɗe ba a san farkon wani ba balle ƙarshensa. Saboda haka yawancin malamai, bisa jagorancin Bajamushe Joseph von Gerlach, suka tafi a kan cewa zaruruwan nan haɗe suke kamar ragar masunta, saƙo yana yawo a cikinsu ta kowace fuska. A shekarar 1873 Golji, yana aiki a ɗakin girkin wani asibitin marasa lafiya masu doguwar jinya kusa da birnin Milan, ya gano wata hanyar rini. Ana jiƙa tsokar ƙwaƙwalwa cikin wani gishiri mai taurara ta, sa'an nan a tsoma ta cikin ruwan gishirin azurfa. Abin mamakin rinin shi ne ba ya kama dukan ƙwayoyin, 'yan kaɗan yake zaɓa cikin ɗari, amma wadda ya kama yakan baƙanta ta tun daga gangar jikinta har ƙarshen rassanta, ta fito sarai a kan fili ruwan ɗorawa. Sai dai rinin ba shi da tabbas, yau ya kama gobe ya ƙi, don haka mutane kaɗan ne suka kula da shi. Golji kansa ya duba abin da rininsa ya fitar, ya ce ragar ya gani.

A shekarar 1887 Kahal ya ziyarci wani likitan taɓin hankali a Madrid mai suna Luis Simarro, wanda ya dawo daga Faris da waɗansu gilasai da aka rina ta hanyar Golji. Kallo ɗaya ya yi musu ya san ya sami abin yi. A wannan shekara ya koma Jami'ar Barsalona, ya mai da wani ɗaki na gidansa wurin bincike. Gyara biyu ya yi wa dabarar. Na farko, ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu, rinin ya ƙara tabbata. Na biyu, wanda shi ne mabuɗin nasararsa, ya bar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi ya koma kan ta tsuntsaye da 'yan tayi da jariran dabbobi. Dalili kuwa, a jikin babba wani kitse yakan naɗe dogayen zaruruwan jijiya, azurfa ba ta ratsa shi, ga kuma tsawo da cunkoso. A jikin ɗan tayi kitsen bai riga ya samu ba, zaruruwan gajeru ne, ana iya bin ɗaya har inda ya tsaya. Manomin da ya shuka wake da kabewa da duma a gona guda ya san haka: in ya jira kaka, yaɗo ya sarƙe ba zai bambance na wannan da na wancan ba, amma a farkon damina kowane tsiro a fili yake.

A shekarar 1888 ya duba ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya a cikin tsuntsaye. Ya ga zaren da ya fito daga wata ƙwaya ya tafi ya rarrabu, ya kewaye gangar wata ƙwaya kamar kwando, ya tsaya nan. Ya ga wani zaren yana hawa rassan wata ƙwaya kamar yadda kauci ke bin itace. A ko'ina ya duba, a tantanin gani na ido, a laka, a ƙwaƙwalwar kanta, abin da ya tarar ɗaya ne: kowace ƙwayar jijiya mai zaman kanta ce, tana kusantar 'yar'uwarta har su taɓa juna, amma ba sa narkewa su zama abu guda. Gaskiya ne Wilhelm His da August Forel sun riga shi zaton haka da shekara ɗaya ko biyu, amma shi ne ya kawo hujjar da ido ke gani, sashe bayan sashe. A nan kuma zanen da ya sha duka a kansa ya biya shi, domin ya iya sauke abin da ya gani a takarda yadda mai karatu zai gane.

Matsalarsa ita ce babu mai sauraronsa. Sifen ba ta da suna a fagen kimiyya a lokacin, manyan malaman Turai kuma ba sa karanta harshenta. Da kuɗin aljihunsa ya kafa mujalla a watan Mayu na shekarar 1888, yana buga kwafi 60 yana aika wa masana a ƙasashen waje, bai ji ko tari ba. Sai a watan Oktoba na shekarar 1889 ya tattara ajiyarsa, ya ɗauki madubinsa da gilasansa, ya nufi taron ƙungiyar masana ƙirar jiki ta Jamus a birnin Balin. Ya shimfiɗa kayansa a kan tebur, mutane suna wucewa ba sa tsayawa. Da ya ga haka, sai ya je ya jawo Albert von Kölliker na Jami'ar Würzburg, dattijo mai shekara 72 wanda shi ne jagoran fannin a Turai, ya kawo shi gaban madubin yana yi masa bayani da gurguwar Faransancinsa. Dattijon ya duba, ya gamsu. Ya koma gida ya maimaita aikin da hannunsa, ya tabbatar da shi, ya bar ra'ayin raga, har ya koyi harshen Sifen don ya karanta rubuce-rubucen Kahal. Ba kowane babba ba ne zai yi haka saboda baƙon da bai kai shekara arba'in ba, kuma ya kamata a riƙa tuna masa da wannan adalci.

Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Kahal ya fitar da abubuwan da har yanzu ɗalibai ke karantawa. Ya lura cewa a ido da hanci gajerun rassan ƙwaya suna fuskantar inda haske ko ƙamshi ke shigowa, dogon zaren kuma yana nufar ƙwaƙwalwa. Daga nan ya yanke cewa saƙo hanya ɗaya yake bi, ya shiga ta rassa, ya fita ta dogon zare zuwa ƙwaya ta gaba, kuma a zanensa ya riƙa sa 'yan kibiyoyi masu nuna hanyar. A shekarar 1890, a cikin lakar ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba, ya ga cewa bakin zaren da ke girma yana da wani kumburi mai 'yan yatsu. Ko da yake matacciyar tsoka yake dubawa, ya fahimci cewa wannan kumburi ne ke lalube yana neman hanya, daga baya kuma ya kawo shawarar cewa waɗansu sinadarai ne ke jan sa zuwa inda zai sauka. Ya kuma nace cewa 'yan ƙayoyin da ke jikin rassa na gaske ne, alhali wasu na cewa dattin azurfa ne. A laccar da ya gabatar a Landan a shekarar 1894, ya ce mai yiwuwa yawan aiki da hankali yana ƙara rassa da mahaɗai tsakanin ƙwayoyin, watau koyo yana sāke ginin ƙwaƙwalwa. Baturen Ingila Charles Sherrington, wanda ya sauke shi a gidansa a wannan tafiya, shi ne ya raɗa wa mahaɗar suna a shekarar 1897, sunan da likitoci ke furtawa sinafs.

Daga shekarar 1892 Madrid ce mazauninsa. Babban littafinsa kan tsarin jijiyoyin mutum da dabbobi masu ƙashin baya ya fito tsakanin 1899 da 1904. Lambobin girma suka yi ta zuwa daga ƙasashe, har aka kai ga taron Istokholm. A can Golji ya tashi ya gabatar da laccarsa yana sukar ra'ayin cewa ƙwayoyin jijiya masu zaman kansu ne, yana kare ragarsa kamar ba a yi wani bincike ba cikin shekara ashirin. Kashegari Kahal ya gabatar da tasa, ya jera hujjojinsa, ya kuma yaba wa mai rinin. A wannan shekara aka yi masa tayin kujerar Ministan Ilmi, ya ƙi. Abin da ya karɓa shi ne shugabancin hukumar da aka kafa a shekarar 1907 don tura matasan Sifen ƙaro ilmi a ƙasashen waje, ya riƙe ta har mutuwarsa. Ya yaye almajirai irin su Francisco Tello da Fernando de Castro da Rafael Lorente de Nó. Amma shi ma ɗan Adam ne. A shekarar 1920 ya kori Pío del Río Hortega daga ɗakin bincikensa, bayan tsegumin ma'aikata da kuma saɓani kan wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa waɗanda ba na jijiya ba. Almajirin ne ke da gaskiya a wannan batu, kuma ƙwayoyin da ya gano a yau suna cikin waɗanda aka fi bincike a kansu game da ciwon mantuwa na tsufa.

Tambayar da ta cinye ƙarshen ƙarfinsa ita ce wadda ta fi shafar majiyyata: me ya sa jijiyar hannu ko ƙafa in ta yanke takan sake tsiro, amma ta laka da ƙwaƙwalwa ba ta yi? Ya nuna cewa a hannu ko ƙafa sabon zare yana fitowa ne daga guntun da ke haɗe da gangar ƙwayar, ya bi tsohuwar hanya. A laka kuwa zaren yakan fara tsiro sai ya tsaya. A shekarar 1911 almajirinsa Tello ya dasa guntun jijiyar ƙafa a cikin ƙwaƙwalwar zomo, sai zaruruwa suka shiga cikinsa, abin da ya nuna cewa muhallin ne ke hana su. Duk da haka, a littafinsa na 1913 zuwa 1914, wanda likitoci 'yan asalin Sifen mazauna Ajantina suka biya kuɗin buga shi, Kahal ya yanke cewa a jikin baligi hanyoyin ƙwaƙwalwa sun riga sun kafu, abin da ya mutu ba ya dawowa, ya kuma bar wa masanan da za su zo aikin warware wannan hukunci in za su iya.

Ya yi ritaya a shekarar 1922. Matarsa ta mutu a shekarar 1930, shi kuma kurumta da ciwon ciki suka tsananta masa, amma bai ajiye alƙalami ba. A shekarar 1933 ya sake tattara hujjojinsa a kan masu ra'ayin raga, domin har lokacin ba su ƙare ba. Ya mutu a Madrid ran 17 ga watan Oktoba na shekarar 1934, yana da shekara 82. Bayan shekara biyu yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen, almajiransa suka watse, aka tuɓe Tello daga muƙamansa, Río Hortega kuma ya mutu yana gudun hijira a Ajantina a shekarar 1945.

A shekarun 1954 da 1955 masana biyu-biyu, George Palade da Sanford Palay, da kuma Eduardo De Robertis da Stanley Bennett, suka duba mahaɗar da madubi mai aiki da lantarki. Suka tarar da ɗan fili tsakanin ƙwaya da ƙwaya, faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin dubu hamsin na milimita, abin da madubin Kahal ba zai taɓa nunawa ba. Ta wannan fili ne ƙwaya ke fesa sinadari ya isa ga ta gaba, kuma a kan wannan mahaɗa da yawa daga cikin magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali ke aiki. Daga baya an gano cewa akwai waɗansu ƙwayoyi da ke da 'yan ƙofofi tsakaninsu inda lantarki ke wucewa kai tsaye, don haka Golji ma bai tashi hannu wofi ba, ko da yake ba irin ragar da yake nufi ba ce.

Hukuncinsa kan rashin sabon tsiro shi ne ya fara girgiza. A shekarun 1960 Joseph Altman ya ba da rahoton sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, aka yi biris da shi. A shekarar 1992 Brent Reynolds da Samuel Weiss a ƙasar Kanada suka ciro ƙwayoyin tushe daga ƙwaƙwalwar babban ɓera, watau ƙwayoyin da ba su riga sun zama wani takamaiman abu ba, masu iya hayayyafa su haifi ƙwayoyin jijiya. A shekarar 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya gano yadda za a mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma ta tushe, a shekarar 2007 kuma ya yi haka da ta mutum. Wannan ya buɗe ƙofar da Kahal bai samu ba, domin shi ƙwaƙwalwar matattu da ta dabbobi kaɗai ya iya dubawa. Yanzu ana iya ɗaukar ɗan ɓallin fata ko jinin majiyyaci, a reni ƙwayoyin jijiyarsa a faranti, a zuba ido ana kallon kumburin nan mai 'yan yatsu yana lalube da ransa. A shekarar 2011 ɗakin binciken Fred Gage a Amurka ya reni ƙwayoyin masu wani nau'in taɓin hankali, ya tarar mahaɗansu ba su kai na masu lafiya yawa ba. A shekarar 2013 Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a birnin Biyana suka reni 'yan dunƙulen tsokar ƙwaƙwalwa da ba su wuce ƙwayar wake ba, suka yi nazarin cutar ƙanƙancewar kai da su, kuma da irinsu aka nuna a shekarar 2016 yadda ƙwayar cutar Zika ke kashe ƙwayoyin tushen ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Waɗannan dunƙule ba su da hanyoyin jini, kuma sun fi kama da ƙwaƙwalwar ɗan tayi fiye da ta babba, saboda haka ba kowace cutar tsufa suke nunawa daidai ba.

Wajen magani kuwa tafiyar a hankali take. A shekarar 2018 likitocin Kiyoto suka fara dasa ƙwayoyin da aka reno ta wannan hanya a ƙwaƙwalwar masu ciwon makyarkyata da ake kira Fakinsan, a shekarar 2025 kuma suka ba da rahoton cewa cikin mutum bakwai da aka yi wa dashen ba wanda ya sami ƙari ko wata mummunar illa. Batun ko ƙwaƙwalwar baligin mutum tana haifar sababbin ƙwayoyin jijiya da kanta, shi kam masana sun rabu. Peter Eriksson da Gage sun ce sun gani a shekarar 1998, wani rukuni a Kalifoniya ya ce a shekarar 2018 bai ga abin kirki ba bayan ƙuruciya. A shekarar 2019 María Llorens-Martín da abokan aikinta suka ba da rahoton dubban ƙwayoyin jijiya masu ƙuruciya a sashen ajiyar tunani na ƙwaƙwalwar mutanen da wasunsu suka haura shekara tamanin, suka kuma nuna cewa adadin yana raguwa ga masu ciwon mantuwa na Alzaima. A birnin Madrid aka yi wannan bincike.